Yadda Injiniya Ya Buɗe wa Babur Numfashi

A layin bayan kasuwa, tsakanin shagon aski da gidan wanki da guga, akwai wani ɗan shago da fankoki suka cika har bakin ƙofa. Wasu ba kai, wasu ba ƙafa, wasu an rataye su a ƙusa tun bara masu su sun gaji da zuwa. Mai shagon shi ne Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan nan. Shi ya sayo fenti ya rubuta a jikin ƙofa, mutane kuma suka ga kiransa da shi ya fi musu sauƙi a kan tsayawa musu da shi.

Gyaran fanka kam ya iya, ba laifi. Matsalar ita ce tun ranar da ya gane yadda fanka ke juyawa, sai ya ɗauka duk abin da ke juyawa a duniya ƙanin fanka ne, daga injin markaɗe har jirgin sama.

"Da ni aka damƙa wa jirgin sama," yakan ce in an zauna a bencin shagon aski, "rabin man da yake sha ya ishe shi."

Mai Aski ya ce, "To me ya hana a damƙa maka?"

"Hassada."

Matar Injiniya tana da wa, wanda kowa ke kira Yaya Mai Ƙwai. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, kuma maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a gidanta. Sana'arsa ɗauko ƙwai daga wata gona a bayan gari yana raba wa shaguna, babban cinikinsa kuwa gidan burodi da kek da ke can kan tudu a ƙarshen layi. Duk wannan a kan wani tsohon jan babur yake yi, wanda ba ya gudu, ba ya hayaƙi, ƙararsa kamar ta keken ɗinki, kuma bai taɓa kwana a hanya ba.

Da yanar ido ta matsa wa Yaya, aka ce sai an yi masa aiki a wani asibiti a garin da 'yarsa ke aure. Ya rasa wanda zai riƙe masa cinikin sai mijin ƙanwarsa. Ya turo babur har ƙofar shagon fanka, ya miƙa makulli, amma bai sake shi ba.

"Ka zuba masa mai, ka bi a hankali, ka kai wa Mai Burodi ƙwansa a kan lokaci. Kada ka kwance ko da ƙusa."

"Haba Yaya, ni za a gaya wa inji?"

"Kai ɗin nake gaya wa."

Washegari Injiniya ya ɗora kiret-kiret na ƙwai, ya ɗaure da roba, ya nufi tudu. Babur na hawa a sannu kamar yadda ya saba. Ana tsakiyar hawa sai ga wani tsoho mai sayar da tsintsiya a kan keke, ya zo ya wuce shi, har ya waiwayo ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana." Kafin Injiniya ya sauke ƙwai ya gangaro, labarin ya riga shi isa bencin aski.

"An ce kun yi tsere da Baba Mai Tsintsiya," in ji Mai Aski, "ka zo na biyu."

"Na biyu ma ai matsayi ne," in ji Mai Wanki, yana yarfa wata riga.

Injiniya bai yi dariya ba. Ya kafe babur a tsakiyar layi, ya zagaya shi yana taɓe baki, ya ɗauko sukudireba.

"Ku matso in koya muku abin da ba a koyarwa a makaranta. Inji kamar mutum yake. Ya shaƙi iska, ya sha mai, wuta ta kama a cikinsa, ya fitar da hayaƙi. To masu kamfani da gangan suke shaƙe ƙananan babura don ku sayi manya. Ku duba nan."

Ya kwance murfin gefe, ya zaro wani soso mai maiƙo, ya ɗaga shi sama kamar ya kamo ɓera.

"Soso! A hancin bawan Allah! Kai Mai Aski, in na cusa maka soso a hanci za ka iya hawa tudu?"

"Ban taɓa gwadawa ba."

A tsallaken layi akwai Bakanike, wani ƙato mai son dariya, yana zaune a rumfarsa a kan tsohuwar taya. Kwanan nan aiki ya yi masa ƙaranci. Ya san halin Injiniya sarai: in ka ce kada ya yi abu, to ka tura shi ne. Don haka ya ƙudura zai riƙa faɗin gaskiya tsantsa da babbar murya, a gaban shaidu.

"Maƙwabci," ya ɗaga murya, "wannan soson ƙura yake tacewa. Kuma da shi aka auna komai, iska kaza, mai kaza. In ka cire shi iska za ta rinjayi mai."

"Kun ji ko?" in ji Injiniya. "Shi ma ya yarda iska za ta ƙaru."

Ya aika wa matarsa da soson ta wanke tukwane.

Kashegari babur ya fara tari. In an ja totur sai ya yi fat! fat! ta baya kamar mai atishawa, ya yi kamar zai mutu, ya farfaɗo, ya zabura. Injin ya ɗau zafi har ana jin ƙaurinsa daga nesa. A ƙofar gidan burodi Injiniya ya zo sauka, ƙwabrinsa ya goga jikin injin, ya yi wani tsalle da ma'aikatan gidan suka daɗe suna kwaikwayo. Ya dawo layi yana ɗingishi.

"Wace sabuwar tafiya ce wannan?" in ji Mai Wanki.

"Ƙarfi ne ya yi wa injin yawa, har ya tsallako ƙafata."

Bakanike ya taso da sifana, ba wanda ya kira shi, ya kwance fulogi ya nuna wa jama'a bakinsa fari fat kamar an shafa alli.

"Yunwa yake ji. Iska ta cika masa ciki, mai ɗan kaɗan, shi ya sa yake ƙuna. Ka mayar da soson kawai."

"In mayar? Mai jin yunwa abinci ake ƙara masa, ba toshe masa hanci ake yi ba. Na gode, ka ba ni haske."

Bakanike ya koma kan tayarsa yana murmushi.

Da yamma matar Injiniya ta shigo tsakar gida ta tarar da kafireta a warwatse a kan farantin da take ba baƙi ruwa. Mijinta na riƙe da wani ɗan ƙarfe rawaya mai rami kamar na allura, yana leƙa shi da ido ɗaya.

"Kin ga ta nan mai ke bi ya shiga inji. Wannan ramin ko sauro ba zai ƙoshi da shi ba. Miƙo min allurarki."

Ta ƙi, ya ɗauka da kansa. Ya soka, ya murza, ya leƙa, bai gamsu ba. Ya jawo gwangwanin ƙusoshi.

"Maigida, Yaya fa cewa ya yi ko ƙusa kada ka kwance."

"To kwancewa kika ga ina yi? Sakawa nake yi."

Da safe Mai Wanki ya gama shanya fararen zannuwan gado na wani masauki, igiya bayan igiya, suna ɗaukar ido. Injiniya ya turo babur daidai wurin, ya taka kik. Babur ya yi gurnani, ya ja numfashi, sannan ya tofo wani baƙin hayaƙi mai kauri da ya rufe layin har kaji suka ɗauka magariba ce. Da hayaƙin ya yaye, zannuwan sun koma launin toka, masu ɗigo-ɗigon baƙi kamar ƙwan zabo.

Mai Wanki ya fito da dutsen guga a hannu.

"Injiniya! Me ke nan?"

"Alamar ƙoshi ke nan. Ka taɓa ganin an dafa abu mai kyau ba hayaƙi?"

"Zannuwan mutane fa?"

"Ka ce musu sabon yayi ne. Fari ma ai saurin datti gare shi."

"Man da bai ƙone ba ne," Bakanike ya yi shela daga rumfa. "Jiya iska ta fi ƙarfin mai, yau mai ya fi ƙarfin iska. Rabi yake ƙonewa, rabi ya fito ya kwanta a zanin mutane."

Sai da Mai Aski ya shiga tsakani, don dutsen gugar da zafinsa. Ranar tanki ya ƙare a tsakiyar hanyar gona, Injiniya ya turo babur da ƙwai da ƙafa, shaguna biyu suka gaji da jira suka saya a wani wuri. Da ya iso gida yana haki, matarsa ta ce masa ya ji tsoron Allah ya kai wa Bakanike. Ya ce ai ya riga ya gano matsalar a hanya.

"Mun buɗe hanci, mun buɗe baki, mun manta da mafita. Mutum ya ci ya ƙoshi, ƙofar fita a ƙuntace, ina zai ga ƙarfi?"

Ya kwana da shirin, ya wayi gari da zarton ƙarfe. Ya yanke ƙarshen salansa, wato bututun hayaƙi, ya zazzage duk abin da ke cikinta, raga da bututu da toka, ya bar ta fayau kamar bututun ruwa.

A daidai lokacin Mai Burodi yana zaune a kujerar aski. Mutum ne mai ji da gashin bakinsa, wanda ya yi shekaru yana reno, baƙi wuluk, ƙarshensa a murɗe. Mai Aski ya kafa reza a gefe yana daidaita layi, ya riƙe numfashi. Injiniya ya taka kik.

Ƙarar da ta tashi ba a taɓa jin irinta a layin ba. Jarirai suka fashe da kuka gida-gida. Wata mata ta yar da bokitin ruwa. Kwanon rufin rumfar Bakanike ya kama rawa. A cikin shagon aski kuwa reza ta yi tafiyar da ba a aike ta ba.

Mai Burodi ya dubi madubi. Ɓangaren dama na nan da murɗinsa. Ɓangaren hagu fili ne.

Ya fito da ƙyallen aski a wuya, kumfa a haɓa, ya tsaya a gaban Injiniya. Sai da Injiniya ya kashe babur sannan aka ji me yake cewa.

"Dube ni."

"Ranka ya daɗe, wallahi ya yi maka kyau. Ka koma yaro ta gefe ɗaya."

"Ba don darajar surukinka ba, da yau na daina karɓar ƙwanku. Ka saurara. Ranar Asabar ina da babban aikin kek na wata makaranta. Ninki biyu na ƙwan da kuka saba kawowa nake so, kafin rana ta take. In ka makara, ko ka kawo min fasassu, ciniki ya ƙare, kuma kai za ka gaya wa Yayanka dalili."

Mai hankali da sai ya ce to. Injiniya ya dafa tankin babur ya dubi jama'ar da suka taru.

"Ninki biyu? Tafiya ɗaya zan yi. Kuma a giyar ƙarshe zan hau tudun nan, ba zan canza ba. Duk wanda ke layin nan ya zo ya kalla. A gaya wa Baba Mai Tsintsiya ma ya zo da kekensa."

Mai Burodi ya koma ciki ya ce a aske sauran.

Da rana Yaya ya bugo waya daga asibiti. An yi aiki, an rufe idon da bandeji, yana samun sauƙi. Matar Injiniya ta miƙa wa mijinta wayar tana harararsa.

"Ina babur?"

"Yaya, in ka dawo ba za ka gane shi ba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Yaya.

Maganar gaskiya, duk da ƙarar, babur bai ƙara gudu ba, sai ma ya rage ƙarfi a hawa. Injiniya ya san haka, amma bakinsa ya riga ya yi alkawari. Ya tsallaka rumfar Bakanike yana wasa da makulli kamar wanda ya zo hira.

"Bari in gwada ka, in ga ko ka san aikinka. Daga ina ƙarfin inji yake zuwa?"

"Daga matsi," in ji Bakanike. "Fistin ya matse iska da mai a ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin kan inji, fulogi ya kunna wuta, abin ya buga fistin ƙasa. In ɗakin ya ƙara ƙanƙanta, matsin ya ƙaru. Amma an auna shi daidai da irin man da muke saya. In ya wuce kima, mai zai riƙa fashewa da kansa ba a lokacinsa ba, ya yi ta dukan fistin har ya kashe injin. Kada ka kuskura ka taɓa wurin."

"Ka ci jarrabawa," in ji Injiniya, ya juya da sauri.

Bakanike ya leƙa akwatin kayansa ya tabbatar yana da sabon fistin a ajiye.

Duk yinin Juma'a ana jin ƙarar goga ƙarfe daga gidan Injiniya. Ya kwance kan injin, ya kifa shi a dakalin siminti, ya yayyafa ruwa da yashi, ya yi ta gurzawa gaba da baya har gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Gaskit ɗin da ke like tsakanin kan injin da jikinsa ya yage a hannunsa, ya yanko wani daga kwalin takalmi. Tun da ya buɗe, ya ce bari ya gaisa da fistin. Garin gaisuwa ɗaya daga cikin zobban da ke jikinsa ya karye.

"Zobba har uku a fistin ɗaya," ya ce wa matarsa, "almubazzaranci ne. Ke nawa gare ki?"

"Ni ko ɗaya ba ka saya min ba."

"Kin gani? Kuma kina tafiya lafiya."

Da ya gama haɗawa, notuna da wasu ƙananan ƙarafa suka rage a faranti. Ya juye su a aljihu ya ce kayan ado ne. Ya ɗaure fulogi, ya ƙara ɗaurewa, ya taka sifana da ƙafa har ya ji abin ya yi laushi, ya ce yanzu ya zauna.

Da ya tayar, hayaƙi ya fito kala biyu, baƙi a ƙasa, shuɗi a sama, don baƙin mai ya sami hanyar tsallake zoben da babu ya shiga wuta. Daga cikin injin kuma wata sabuwar ƙara ta taso, ƙwan-ƙwan-ƙwan.

Matar ta leƙo daga ɗaki. "Wa ke ƙwanƙwasa ƙofa?"

"Ƙarfi ne. Yana neman hanyar fita."

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi babur, ta koma ɗaki ta buga wa 'yar Yaya waya ta ce in likita ya sallame shi gobe, kada a bar shi ya tsaya ko shan ruwa.

Asabar da sassafe Injiniya ya ɗauki hayar wani mai tura kurar kaya ya kawo ƙwan daga gona har gindin tudu, wai don kada babur ya gaji kafin babban aiki. Sannan ya kawo abin da ya kira sirrin ƙarshe. Wata fanka ce mai caji, ya cire mata raga, ya ɗaure ta da roba a gefen babur, bakinta na kallon kafireta.

"A manyan motocin tsere haka ake yi. Ba a jiran inji ya shaƙi iska, ɗura masa ake yi."

Mai Aski ya matso ya ƙura ido. "Wannan ba fankata ba ce da na kawo gyara?"

"Gwaji nake mata. In ta hau tudu, ta gyaru."

Da aka jera kiret-kiret har suka fi kansa tsawo, ya ga nauyi ya yi yawa. Ya cire madubai. Ya cire murfin sarƙa. Ya cire jak ɗin da ake kafe babur da shi. Ya tsuguna ya dubi sandar birkin baya.

"Hawa za mu yi, me za a yi da birki?" Ya cire ta.

Layin ya cika. Mata a ƙofofi, masu shaguna a kan benci, Mai Wanki ya kwashe shanyarsa tun da wuri, Baba Mai Tsintsiya ya jingina kekensa yana jira. Can sama Mai Burodi na tsaye a ƙofarsa, hannu a kan leɓensa na sama. Injiniya ya fito cikin wani faffaɗan wando mai zariya da tabarau, ya haye babur da wasu ke riƙe masa, ya kunna fanka. Kik ya ƙi, sai da majiya ƙarfi suka tura shi sannan babur ya kama da wata tsawa da ta sa 'yan turin suka watse.

Ya ɗauki hanya. Ya sa giya, ya ƙara, ya ƙara, ya shiga tudu a ta ƙarshe kamar yadda ya yi alkawari, hayaƙi kala biyu na bin sa. Da farko har wasu sun fara tafi. Sai ƙwanƙwasar nan ta koma duka, kamar ana sara ƙarfe da guduma. Gudu ya ragu. Injiniya ya miƙe tsaye a kan matakai don ya ba injin ƙwarin gwiwa, ƙafar wandonsa ta kaɗa, fanka ta cafke ta.

Fankar Mai Aski ashe ta gyaru. Ta naɗe ƙafar wandon, ta ja, zariya ta tsinke, wando ya sauka gwiwa. Injiniya ya saki hannu ɗaya ya kai wa wando ceto. A daidai nan aka ji tau! Fulogi ya fice daga mazauninsa kamar harsashi, ya tashi sama ya bugi allon gidan burodi, Mai Burodi ya kwanta a ƙasa.

Injin ya mutu. Layin ya yi tsit. Babur ya tsaya cak a tsakiyar tudu, kamar yana tunani. Sannan ya fara dawowa da baya.

Injiniya ya taka birkin baya, ƙafarsa ta taka iska. Ya matse na gaba, taya ta ja ƙasa ta ci gaba da sulalowa. Ya sauke ƙafafu yana jan ƙasa da su, wando a idon sawu, hasumiyar ƙwai na rangaji a bayansa, yana ihu, "Ku kauce! Gwaji ne! Ku kauce!"

Jama'a suka dare biyu. Babur ya gangaro, ya wuce shagon aski, ya wuce gidan wanki, ya zo ya nutsa tayar baya a tarin yashin wasu magina, ya tsaya a hankali kamar an ajiye shi da hannu. Daidai nan wata tasi ta tsaya, aka buɗe ƙofa, Yaya Mai Ƙwai ya fito da baƙin tabarau na asibiti.

Injiniya ya waiwaya ya dubi kayansa. Kiret-kiret na nan a jere. Ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a ku shaida! Ko ɗaya bai fashe ba! Wane direba ne a garin nan zai sauko da baya da ƙwai, ko ɗaya bai fashe ba?"

Ya sa ƙafa ya shuri jak don ya kafe babur, ya sauka da ƙasaita. Jak ɗin na can ƙofar shagon fanka.

Babur ya kwanta. Ƙarar da ƙwan suka yi ba mai ƙarfi ba ce, amma ta daɗe. Gwaiduwa ta malalo kan yashi, wasu kuma suka fashe a kan injin da ya yi jan zafi, nan take suka kama soyuwa, cuuu, ƙamshi ya tashi gauraye da warin fetur.

Yaya ya cire tabarau a hankali. Ya dubi babur ɗinsa ba madubi, salansa a yanke, fanka a ɗaure da rabin wando a bakinta. Ya dubi mijin ƙanwarsa cikin gajeren wando.

"Likita ya ce min in an kwance bandeji zan ga abin da ban taɓa gani ba," ya ce. "Mutumin nan ya san aikinsa."

Dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Mai Burodi ya gangaro yana karkaɗe riga, ya zo da niyyar faɗa, amma da ya ga Injiniya yana ƙoƙarin ƙwato wando daga bakin fanka, sai ya dafa kafaɗar Yaya ya yi ta dariya har da hawaye.

"Wannan ya biya min gashin bakina. Ka aika tasi ta ɗauko wasu a gona yanzu, zan jira. Cinikinmu na nan. Amma da sharaɗi: har a gyara babur, shi zai riƙa kawo min ƙwai, a baro, da ƙafa, ta gaban shagon aski."

"An gama," in ji Yaya. "Bakanike, ɗauki babur. Duk abin da ya ci, a wuyan mai gyaran fanka."

Bakanike ya riga ya iso da sabon fistin a aljihu.

Injiniya ya ga kowa ya samu abin faɗa sai shi. Ya gyara tabarau, ya nuna ƙwan da ke soyuwa a kan injin.

"Ku dai ku yi dariya. Amma ku gaya min, a duk garin nan wane babur ne yake soya ƙwai? Wannan fasaha ce. Matafiyi ya yi tafiya, ya tsaya, ya karya kumallo."

"Gaskiya ne," in ji Yaya. "Ƙanwata, kawo masa cokali."

Ta kawo da gudunta, babba ma ta zaɓo. Injiniya ya dubi cokali, ya dubi jama'a, ya ga ba ƙofar fita. Ya tsuguna, ya kankaro ƙwan da ya yi baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, ya kai baki. Ya tauna. Idanunsa suka kawo ruwa, yashi na ƙara a haƙoransa.

"Yaya ka ji shi?" in ji Yaya.

Injiniya ya haɗiye da ƙyar.

"Ba laifi," ya ce. "Sai dai mai ya ɗan yi yawa."

"Alhamdu lillahi," in ji Bakanike, yana ɗaga babur. "Yau dai Injiniya ya gano ciwon injin nan da bakinsa."